Fentin jirgin Baba ya kakkarce, ta ina zan fara gyara?

Ɗan Fito Yawuri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jirgi da fenti, domin abin nan ya tsaya mini a rai.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara da azumi, ya bar mana jirgin katakon da ya yi shekara goma sha ɗaya yana fito da shi tsakanin Zamare da Rofiya. Ranar kasuwa kuma yakan yi lodin albasa da busasshen kifi zuwa Yawuri. Tsawonsa ƙafa 28, katakon madaci ne, da injin Yamaha mai doki 15. Shuɗi ne, da farin layi a bakinsa, a goshi kuma an rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" da jan fenti. Baba da kansa ya zauna kusa da mai rubutun har ya gama, ina tsaye ina riƙe da gwangwanin. Yanzu ni nake jan jirgin, da shi nake ciyar da gidanmu.

Ga abin da ke jikinsa. Gefe da gefe duk ƙananan karce ne, na buhuna da kwanduna da baburan da ake ɗorawa, shuɗin ya koɗe ya koma kamar toka. Wannan bai dame ni sosai ba. Wanda ya dame ni shi ne wani dogon rauni a gefen dama, ya kai kamu ɗaya da rabi, da kututture ya yi mini lokacin da ruwa ya ja baya. Duk mai bin wannan ruwa ya san itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, har yau suna nan tsaye a ƙasa. Raunin ya ratsa fenti ya shiga katako, ɗan yatsana yana kwanciya a ciki. Sai ƙasan goshi, inda muke jan jirgin bisa tsakuwa kullum safe da yamma, nan babu fenti ko ɗigo, katako ne tsirara, har ya yi gashi-gashi. Daidai inda ruwa yake tsayawa kuma fentin ya yi bororo, in ka latsa da farce sai ruwa ya fito.

Bara bayan damina na sayi galan ɗaya na fentin mai, na wanke jirgin da omo, washegari na shafe shi gaba ɗaya, ban da rubutun. Ya yi kyau ƙwarai, har mutane suna yi mini barka. Wata biyu bai cika ba ya fara ɗayewa kamar saɓar maciji, wurin raunin ma shi ya fara tashi. Kuɗina da wahalata suka tafi a banza.

Yanzu kowa da abin da yake gaya mini a bakin ruwa. Wani ya ce in shafe shi da baƙin mai na inji, ruwa ba zai ƙara kama shi ba. Wani ya ce kwalta kawai, in manta da shuɗi. Wani yaro da ke aikin gyaran jikin mota ya ce zai kawo filar da suke cike lotsawar mota da ita ya cike mini raunin, minti ashirin ta bushe.

Ni kuwa abu biyu nake so: gyaran da zai riƙe ko da damina biyu ne, da kuma rubutun Baba ya tsira. Igiya ta riga ta cinye rabin "Haƙuri", sauran harufan suna nan. Ƙanena zai ara mini jirginsa na mako biyu da hunturun nan, to mako biyun nan su ne duk abin da nake da shi. Ta ina zan fara, kuma me zan saya?

Tsohon Kafintan Jirgi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na fi shekara arba'in ina haɗa jirage a bakin Kwara, idona ne ya raunana na bari.

Kada ka sayi komai tukuna. Fentinka bai tashi don ba shi da kyau ba, ya tashi ne don ka shafa shi a kan jiƙaƙƙen katako. Ka wanke yau ka shafa gobe, to ruwan da madacin ya sha shekara da shekaru ina za shi? Rana ta buga, ruwan ya nemi hanyar fita, ya ture fentin. Bororon da kake gani ke nan.

Ka tara samari ku fitar da jirgin, ku cire injin, ku kife shi a kan gungume uku ko huɗu yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi. A inuwa fa, ko ku kafa masa rumfar tamfol. Kada ka bar shi a tsakiyar rana don kana sauri. Katako in ya bushe da gaggawa yakan tsuke, haɗin da ke tsakanin katakai ya buɗe baki, wani ma ya tsage, ka zo gyaran karce ka koma gyaran yoyo. Ranar farko ka kankare duk fentin da ya tashi da duk bororon, domin ta nan ruwan zai fita. Wanda ya kama gam kuwa ka bar shi, ba ya da laifi. Sannan ka ba shi kwana bakwai cur. Na san mako biyu gare ka, kuma za ka ga kamar asara ce rabinsu ya tafi jirgi yana kwance ba a taɓa shi. Ba asara ba ce, aikin ne ake yi.

Cikin kwanakin nan ga abin da za ka yi, kuma ya fi fentin muhimmanci. Ka ɗauki basilla ko sukundireba ka bi jirgin kana soka a hankali: cikin raunin nan, ƙasan goshi, kewayen kowace ƙusa, da inda haƙarƙari ya haɗu da katakon ƙasa. Madaci mai lafiya ba ya karɓar basilla, sai dai ta bar ɗan tabo. Inda ta shige kamar cikin dafaffen rogo, ka zagaye wurin da alli. Ka lura da ƙusoshin da baƙin zane ya gangaro daga kansu. Tsatsar ƙarfe tana cin katakon da ke kewaye da ita, ƙusar tana nan a ido amma ba abin da ta riƙe. Jirgin da ya shekara goma sha ɗaya ba zai rasa irinsu ba. Na sha ganin mai jirgi ya lulluɓe ruɓa da sabon fenti ya ɗauki mutane. Mu da ke wannan ruwa ba mu manta da jirgin da ya tsage da mutane a hanyar Wara a watan Mayun 2021 ba, gidaje nawa aka yi zaman makoki. Rayuka kake ɗauka, ɗana, ka soka basillar da gaskiya.

Raunin kututturen, in katakon cikinsa lafiya yake, duba zurfinsa. In bai kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon ba, cikewa za a yi. In ya wuce haka, ka kira kafinta ya gyara bakin raunin ya miƙe, ya yanko ɗan madaci daidai wurin, jijiyarsa ta bi jijiyar na jirgin, ya dasa shi da gam, ya fere ya daidaita. Haka muke yi, kuma dashen yakan yi ƙarko kamar sauran jikin.

Filar mota kada ta kusanci jirginka. An yi ta ne don ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya kumbura ba ya tsukewa. Katako yana numfashi da ruwa, ita kuma tana shan ruwa, wata uku za ta faɗo kamar ɓawon gyambo ta bar wurin a jiƙe. Baƙin mai kuwa, ranar da ka shafa shi ka yi sallama da fenti har abada, babu wanda zai ƙara kamawa a kansa, ga shi kana zuba wa ruwan da muke sha muke kamun kifi a ciki dauɗa.

Ƙasan goshi ba matsalar fenti ba ce. Ko fentin jirgin sama ka shafa, tsakuwa za ta cinye shi cikin mako. Ka sa masa takalmi: dogon katako mai tauri, kirya ko kawo, kaurin yatsa biyu, a fenta ƙarƙashinsa da kyau kafin a buga. Shi zai riƙa cin tsakuwar, in ya ƙare ka cire ka sa wani. Kuma ka ajiye gungume biyu a inda kake tsayawa, ku riƙa jan jirgin a kansu.

Mai Fenti Ƙofar Ruwa:

Baba kafinta ya gama magana kan katako, ni ba ni da abin ƙarawa a nan. Aikina fentin mota ne a Kano, shekara sha tara, amma fenti dai fenti ne, bari in faɗi abin da na sani.

Malam Ɗan Fito, omo kaɗai ba ya shirya wuri. Tsohon fentin mai in ya daɗe yakan yi santsi, ga tururin man inji da maiƙon kifi a kansa, sabon ba ya samun abin kamawa. Dole ka bi shi da samfefa har ƙyallin ya mutu. Inda ka kankare ka tarar da katako, fara da mai lamba 80, ka bi da 120. Inda tsohon fentin yake lafiya, 180 ko 220 ta isa. Babban abin shi ne bakin wurin da ka kankare. Kada ka bar shi da gaɓa kamar matakala. Ka goge shi ya kwanta a hankali, faɗin yatsa uku, har in ka rufe ido ka shafa da tafin hannu ba za ka gane inda tsohon ya ƙare ba. In hannunka ya ji, ido zai gani bayan fenti, kuma daga nan ɗayewa take farawa. Ka naɗa samfefar a jikin ɗan katako, kada ka goge da yatsu, yatsu suna yin kwari.

Ƙananan karcen gefe ba sa son fila. In farcenka bai maƙale a ciki ba, gogewa da shafi biyu za su rufe su.

Don cike raunin, ka nemi gam ɗin nan mai haɗi biyu, ifoksi, mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba. Ka fara shafa shi tsurarsa a busasshen katako ya sha, sannan ka kwaɓa sauran da garin katako mai laushi har ya yi kaurin tuwo, ka cike, ka bar shi ya ɗan yi tudu, washegari ka goge. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, yana ɗaukar zafi a cikin gwangwani ya daskare kafin ka ankara. Kuma sai an rufe shi da fenti, rana tana lalata shi. A cikin rauni kawai fa, kada ka bi haɗin katakai da shi, nan wurin auduga ne, Baba ya fi ni sani.

Shafin farko a kan katako tsirara ya zama fentin ƙasa na katako, ka sirka shi da tafentain, kamar kashi ɗaya cikin biyar, don ya shige. Fetur ba abin sirki ba ne, yana tashi da wuri ya bar fentin ba ƙwari, ga haɗarin wuta. Bayan nan shafi biyu ko uku na shuɗin, siri-siri, kwana guda tsakanin kowanne. Shafi mai kauri yakan bushe a sama cikinsa ɗanye, ya yamutse. Da hunturu ka yi aiki da hantsi bayan raɓa ta tashi, kafin iska ta taso, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da rumfar don ƙura. In an wayi gari da hazo mai yawa, haƙura da shafi ranar. Bayan na ƙarshe a ba shi kwana biyar zuwa bakwai kafin ya taɓa ruwa. Ka ga lissafin ya ɗan haura mako biyunka, ka roƙi ƙanenka ya ƙara maka kwana huɗu.

In wani ya ce zai fesa maka fentin mota mai hadna, wato ruwan da ake haɗawa da shi ya daskare, don ya fi ƙarfi, ka fara gwaji. Jiƙa tsumma da tinar mota, ruwan da ake sirka fentin mota da shi, ka ɗora a wani lungu na minti biyar. In tsohon ya yi laushi ko ya yamutse, to haka sabon zai yi wa jirgin duka. Na tabbata naka zai yamutse, ka tsaya kan fentin mai.

Rubutun kuma abu ne mai sauƙi. Ka ɗauki hotonsa tun yau. Ka ɗora takarda mai shara-shara ka bi kowane harafi da fensir, har inda igiya ta ci, sawun yana nan in ka haska da tocila ta gefe. Sannan ka rufe harufan da salatif na takarda, ka yanke gefensu da reza, ka shafa shuɗin, ka cire salatif tun fentin bai gama bushewa ba. Harufan da suke lafiya kada a taɓa su. Waɗanda suka goge kaɗai za a bi da ƙaramin burushi. Kuma ka canja wa igiyar wurin ɗauri.

Abu ɗaya da nake roƙonka: tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, musamman ja da rawaya. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinariya ta fito, gubar dai ɗaya ce. Inda za ka goge tsohon fenti ka ɗan jiƙa samfefar don ƙura ta kwanta, ka sa takunkumi, ka shimfiɗa tamfol ka tattara ɓawon, kada ka ƙone shi, kada yara su yi wasa a wurin, kuma kada ka ci abinci sai ka wanke hannu da sabulu.

Bahaushen Yeji:

Gaisuwa daga tafkin Volta na ƙasar Gana. Mu ma nan kututture ne babban abokin gabarmu, tun da aka gina madatsar Akosombo dajin yana nan a ƙarƙashin ruwa. Ni dai ban yarda a riƙa raina kwalta ba. Jirgina tsakanin Yeji da Makango yake aiki, daga layin ruwa zuwa ƙasa kwalta ce, sama kuma fenti. Fentin mai na kasuwa na ƙofa da taga ne, ba a yi shi don ya kwana cikin ruwa ba, shi ya sa bororon naka ya taru daidai nan. Kwalta in kututture ya karce ta, ka ɗumama kaɗan ka shafa, an gama. Talaka da ke fita kullum ba shi da mako biyun da zai riƙa kashewa duk shekara.

Sai dai ka ja layi ka tsaya a kansa, domin fenti ba ya hawa kan kwalta, baƙin yakan huda ya fito. Kada kuma ka sa ta a ciki inda mutane ke zama, rana tana narkar da ita ta ɓata tufafi.

Mai Jirgin Tiga:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Nawa ba katako ba ne, ƙaramin jirgin faiba ne fari, ƙafa 16, na saye shi na hannu, ina kai masu yawon buɗe ido da shi a dam ɗin Tiga. Duwatsun bakin ruwa sun kakkarce masa ciki, wani wurin har ina ganin zare-zare. Tayoyin da na rataya a gefe kuma sun bar baƙin tabo. Shawarar da aka ba ɗan'uwa ta shafe ni, ko nawa daban ne?

Ɗan Faiba Legas:

Naka daban ne, yallaɓai. Na yi shekara takwas a wurin da ake gyaran jiragen faiba a nan Legas. Farin da kake gani, in ba wani ya taɓa fenta shi ba, ba fenti ba ne, jelkot ne, wata fata da ake fara fesawa a cikin mazubi kafin a shimfiɗa zaren. Kaurinta wajen rabin milimita ne kawai, to ka san abin da kake gogewa.

Wanda farce bai maƙale ba, samfefar ruwa ce maganinsa: 600, sai 800, sai 1200, kana zuba ruwa, sannan man goge mota da tsumma mai laushi, ƙyalli zai dawo. Da ka ga wani duhu ya fara lekowa ta ƙarƙashin farin, tsaya, ka kusa hudawa. Tabon taya ma man gogewar yana fitar da shi. Ka sa tayoyin cikin buhu kafin ka mayar.

Wanda ya yi zurfi amma zare bai fito ba, ka buɗe bakinsa kaɗan da kan wuƙa ya yi kamar kwari, ka goge da asiton, ruwan da ke wanke maiƙo, ka cike da jelkot. Wurin hadna ake yin kuskure. Kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ake sawa, wato in ka auna mililita 50, hadna kada ta wuce mililita 1. Ka sayi sirinji a kemis don wannan, kada ka yi da ido. Da zafin arewa ka tsaya kusa da kashi ɗaya, ka kwaɓa abin da za ka gama da shi cikin minti goma. In ka cike sai ka manna farar leda mai kauri a kai ka lallatsa, domin jelkot in iska tana taɓa shi samansa yakan zauna da danƙo. Ya bushe ka ɓare ledar, ka goge daga 400 zuwa sama. Sabon farin zai fi tsohon haske, haka yake, rana za ta kusanto da su. Hadnar nan kuma ka kiyayi idonka da ita, ɗigo ɗaya yana iya makantarwa, ka sa tabarau da safar hannu, ruwa mai tsabta yana kusa da kai.

Inda zare ya fito shi ne na gaggawa, don zaren yana jan ruwa ya kai shi ciki. Ka fitar da jirgin, ka ɗauraye da ruwa mai kyau, ya bushe sosai. Ka ƙwanƙwasa kewayen da kwabo: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu a ciki yana amsawa kamar fanko. In fanko ne, sai an goge har inda yake da ƙwari an shimfiɗa sabon zare da razin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa zaren da shi, falle biyu ko uku, kafin jelkot. Ka tuna ifoksi yana kama faiba da kyau, amma jelkot ba ya son zama a kan ifoksi. In da jelkot za ka rufe, yi facin da razin irin na jirgin. In ifoksi ka samu, to da fenti za ka rufe.

Ɗan Fito Yawuri:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Yau kwana biyar da muka kife jirgin a ƙarƙashin mangwaron bayan gidanmu. Kwana biyun farko wuraren da na kankare har ɗigar ruwa suke, sai na gane abin da na yi wa kaina bara.

Baba, na bi shi da basillar ɗinkin buhu kamar yadda ka ce. Raunin kututturen lafiya lau, zurfinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, zan cike da ifoksi. Amma a ƙasan goshi ta hagu, kusa da haƙarƙari na biyu, basillar ta shige har rabi ba tare da na matsa ba. Faɗin wurin ya kai tafin hannu biyu, kuma fentin da ke kansa shi ne ya fi ko'ina kyau, ban taɓa zarginsa ba. Nan ne mata suke zama da yara in jirgi ya cika. Na zauna a wurin na daɗe ban iya cewa komai ba. Ƙusa goma sha huɗu kuma na zagaye da alli, uku da hannu na zare su.

Tambayata, wurin nan zan iya ƙwaƙule ruɓar in cike da gam da garin katako, ko sai an canja? Kafintan da na kira ya ce a canja katakon daga haƙarƙari na ɗaya zuwa na uku, ni kuma kuɗin fenti kaɗai na tanada. Sannan maganar ɗan'uwa na Yeji, in sa kwaltar a ƙasa?

Malam Mai Fenti, na kwafe rubutun. Da na haska tocila ta gefe da daddare sai ga "Haƙuri" gaba ɗaya ya fito, har lanƙwasar ƙ ɗin. Na kira mahaifiyata ta zo ta gani.

Tsohon Kafintan Jirgi:

Alhamdu lillahi da basilla ce ta gano shi a tudu.

Kafintanka ya yi gaskiya, ɗana, a canja. Gam yana cike rami, ba ya ɗaukar nauyi, kuma ruɓa takan yi nisa a cikin jijiya fiye da inda basilla ta nuna. A yanke har a wuce ta da taƙi guda kowane gefe, kuma bakin sabon katakon ya sauka a kan haƙarƙari, ba a tsakani ba. Ya duba haƙarƙarin na biyu shi ma kafin ya rufe. Katakon da zai kawo ya zama busasshe, a fenta bakinsa da bayansa kafin a buga. Ƙusoshin kuma ka nemi masu farin rufi da ba sa saurin tsatsa, a buga sabuwa kusa da tsohon ramin, ramin a toshe shi da ɗan turken katako da gam.

In kuɗin bai kai duka ba, katako da ƙusa da fentin ƙasa su ne gaba. Shuɗin ka shafa ɗaya yanzu, na biyu ya jira bayan kasuwar albasa.

Kwalta a ƙasan layin ruwa ban hana ba, mutumin Yeji ya san ruwansa. Sharaɗina biyu: a kan busasshen katako, kuma duk shekara ka bi ta da basilla, don ita ma tana ɓoye ruɓa kamar fenti, har ta fi.

Da yake ya sha iska kwanaki, za ka ga haɗin katakai ya ɗan buɗe. Ka cusa auduga a hankali, kada ka dunƙule ta da ƙarfi, katakon zai kumbura ya matse da kansa. Ranar da kuka mayar da shi ruwa zai yi yoyo, kada hankalinka ya tashi. Ka ɗaure shi a wuri marar zurfi ya kwana biyu, kana kwarfewa safe da yamma kana lura da inda ruwan yake shigowa. In ya tsaya, ka yi fitar farko da buhunan yashi kai da ƙanenka, kafin ka ɗauki mutum ko ɗaya. Jikana zai riƙa duba wayar, ka gaya mana yadda haƙarƙarin ya kasance in an buɗe.